Tazza: faffaɗan kwanon ado mai ƙafa, asalin sunansa da abin da ake dubawa a jikinsa

Tambayar da aka aiko ita ce: "A kundin masu gwanjon kayan tarihi da hotunan gidajen tarihi na Turai ina yawan ganin wani faffaɗan kwano a kan doguwar ƙafa, wani na azurfa, wani na dutse, wani na gilashi, an rubuta tazza a ƙarƙashinsa. Wane harshe ne wannan? Me ya raba shi da tulun ado? In kuma mutum zai saya ko ya gaji irinsa, me zai duba?"

Malam, kalmar Italiyanci ce. Ana furta ta kusa da "tattsa", jam'inta tazze, wato "tattse". A bakin mutumin Italiya na yau ma'anarta kofi, na shayi ko na madara, ƙaramin kofin gahawa kuma tazzina. In ka shiga kanti a Roma ka ce a ba ka tazza, kofin shayi za a miƙo maka. Farantin nan mai ƙafa da ake ɗora 'ya'yan itace ko kek a kai, su alzata suke ce masa, daga alzare, ɗagawa. Sukan kuma kira faffaɗan kwarmin dutse na maɓuɓɓugar ruwa a dandalin gari tazza. Dillalan kayan tarihi da masu gidajen tarihi na Ingila da sauran Turai su ne suka ari kalmar suka tsare ta ga siffa guda: kwano marar zurfi, mai faɗin baki, zaune a kan ƙafa.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe in ya saurara da kyau. Italiyawa daga Larabci suka samo ta, daga "ɗasa", Larabawa kuma daga Farisanci "tasht", wato faffaɗan kwanon ƙarfe. Daga wannan tushe Faransanci da Jamusanci suka sami tasse, Sifaniyanci ya sami taza, mu kuma muka sami tasa. Tasar da ke cikin jeren ɗakin kakanninmu da tazza ta gidan tarihin Landan sunansu ɗaya, hanya ce kawai ta raba su: ɗaya ta haye tekun Bahar Rum, ɗaya ta ratso Sahara.

Siffa ce ke ba ta suna, ba abin da aka yi ta da shi ba. Ka dubi faɗi da zurfi. Ta kan tebur faɗinta yakan kama daga santimita 15 zuwa 30, zurfin kuwa da ƙyar ya wuce 'yan yatsu biyu ko uku. Da zarar kwanon ya yi zurfi kamar rabin ƙwarya, ya zama coppa. In ya yi tsawo ya tsuke kamar kofin coci, calice ne. Vaso, tulun ado, tsayinsa ya fi faɗinsa, yana da ciki da wuya. Mai hannu biyu da siririn wuya anfora ne, mai murfi urna, mai kama da ƙararrawa da aka juya bakinta sama kuma cratere, kamar sanannen tulun Medici da ke Florence da na Borghese da ke Paris. Dukansu suna iya zama a kan ƙafa, shi ya sa ake rikita su. Abin da ya keɓe tazza shi ne cikinta a buɗe yake, ido na ganinsa gaba ɗaya, don haka a ciki ake zuba mafi kyawun ado. Tulu adonsa a bayansa yake.

Masu cinikin ba kullum suke tsayawa kan wannan iyaka ba. Shimfiɗaɗɗen farantin azurfa mai gajeriyar ƙafa da aka yi ta yi a Ingila daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon na 18, wanda bara ke miƙa kofi a kai, shi ma sau da yawa tazza ake rubuta masa, alhali tire ne. Sunan yana ƙara wa kaya kwarjini a gwanjo, kada ya ruɗe ka.

Mafi shahara cikin masu wannan suna ma ba ta da ƙafa. Tazza Farnese, da ke gidan tarihin Naples, an sassaƙa ta daga dutse guda na agat, wanda Larabawa ke kira aƙiƙ, a Masar zamanin sarakunan Girkawa, kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Faɗinta kimanin santimita 20. Mai sassaƙar ya bi launukan dutsen, siffofin mutane suka fito farare a kan duhun ƙasa. Wani mai zane, Muhammad al-Khayyam, ya zana ta a farkon ƙarni na 15 a yankin daular Timurawa, abin da ke nuna ta taɓa zama a gabas. Lorenzo de' Medici, jagoran Florence, ya same ta a Roma a 1471, shi kuma scodella ya kira ta, wato kwano. Daga baya ta shiga hannun gidan Farnese, sunan ya bi ta. A tsakiyarta akwai rami da wani ya huda, kuma abin da aka fi ɗauka shi ne don a ɗaura mata ƙafa aka yi shi. Wannan ramin shi ne babbar ɓarnar da zamanin da ya yi mata.

A ƙarni na 16 aka fi yayin tazza. Ana shan ruwan inabi da ita, kuma sha daga kwano marar zurfi ba tare da ya tuttule ba gwaninta ce da ake auna tarbiyyar mutum da ita a teburin manya. A zanen Bacchus na Caravaggio, na wajen 1596, da ke gidan tarihi na Uffizi a Florence, za ka ga ta gilashi a hannunsa, ruwan na kaɗawa a ciki. Ana kuma ɗora alewa da 'ya'yan itace a kanta. Amma mafi tsada ba a taɓa cin komai a cikinsu ba, jera su ake yi hawa-hawa a kan credenza, kantar bangon ɗakin liyafa, don baƙi su ga ƙarfin gidan.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci ga mai dubawa. Tazza kusan ba ta taɓa zama abu guda. Aƙalla gida uku ce: kwanon sama, ƙafa, wadda galibi tana da kumburi a tsakiya don riƙo, da gindi mai faɗi. Ta dutse takan ƙara da dakalin ƙasa mai kusurwa huɗu. Nauyi da faɗi suna sama, abin da ke riƙe su siriri ne. Don haka a mahaɗa ake samun karaya, a mahaɗa ake gyara, a mahaɗa kuma ake yin algus. Wanda ya iya karanta mahaɗa ya san rabin sana'ar.

Babu misalin da ya kai tazze goma sha biyu da ake kira na Aldobrandini. Na azurfa ne, an yi su a ƙarshen ƙarni na 16, kowace tsayinta wajen santimita 40. A tsakiyar kowane kwano akwai siffar ɗaya daga sarakunan Rum goma sha biyu na farko a tsaye, a cikin kwanon kuma an buga fage huɗu daga tarihin sarkin kamar yadda marubucin tarihin Rum Suetonius ya ba da shi, fage 48 ke nan. Sunan ya samo asali daga Kadinal Pietro Aldobrandini, wanda suna hannunsa a farkon ƙarni na 17. To, kowace ana warware ta gida-gida, domin da zare, wato murɗin ƙarfe irin na noti, aka ɗaura sassan. A ƙarni na 19 aka shafa musu ruwan zinariya, aka raba su ga masu saye daban-daban, kuma garin warwarewa da mayarwa sarakuna suka sauka a kwanukan da ba nasu ba: mutum yana tsaye a kan tarihin wani. Dillalin Paris Frédéric Spitzer ya cire wa shida gindinsu na asali ya sa musu wasu da suka fi ado, don su fi kuɗi. Siffar sarki Titus ta ɓace. Sai a ƙarshen 2017 gidan tarihi na Metropolitan a New York ya tara su wuri guda, aka mai da kowane sarki kan kwanonsa na tsawon nunin, sannan aka kai su Waddesdon Manor a Ingila a 2018. In an yi wa kayan da duniya ta sani haka, ka ƙiyasta abin da ake yi wa waɗanda ba wanda ya san su. Dillalai suna kiran irin wannan haɗin gambiza "aure", kuma yana karya daraja ƙwarai ko da kowane sashe tsoho ne na gaske.

Gane shi ba ya buƙatar na'ura. Ka kifar da ita a kan tawul ka dubi inda ƙafa ta sadu da ƙasan kwano. In tare aka haife su, da'irar saman ƙafar za ta zauna daidai kan shatin da shekaru suka bari, ba ragi ba ƙari. In ka ga tsohon shati ya fi ƙafar faɗi, ko rami na biyu da aka toshe, to an sauya ƙafa. Ka gwada adon sassan: ganyen da ke bakin kwano ya kamata ya sami ɗan'uwansa a gindi, da hannu iri ɗaya. Ka dubi lalacewa: ba zai yiwu gindi ya side sumul kwano kuma ya zama kamar jiya aka gama shi ba. Zaren da aka yanka da hannu kauri ne, ba daidai-wa-daida ba, notinsa sau da yawa mai kusurwa huɗu. Noti mai kusurwa shida mai ƙyalli da zare na inji yana nuna an taɓa wurin a baya-bayan nan. Wannan kaɗai ba hujjar jabu ba ce, domin ana sauya ruɓaɓɓen ƙarfe da gaskiya, amma dalili ne na tambaya.

Ta azurfa, maƙerin fari yakan yanko faifan azurfa ya yi ta bugu da guduma har ya lotsa, yana mai da shi wuta lokaci-lokaci don ya yi laushi, in ba haka ba ya tsage. Sai ya kafa shi a kan ƙaro mai kauri ya turo siffofin daga baya, ya juya ya gyara su daga gaba da ƙananan kurfi. Ƙafar galibi zubi ce. Saboda bayan aikin bugu ba shi da kyan gani, yawancin masu kyau ana rufe ƙasansu da faifai na biyu. A nan ake shan wahala da kwafi. Kamfanin Elkington na Birmingham, wanda ya yi rajistar fasahar shafe da lantarki a 1840, ya yi kwafin tsofaffin kayan gidajen tarihi masu yawa ta hanyar tara jan ƙarfe a cikin mazubi, sannan a shafe shi da azurfa ko zinariya. Gabansu yana ɗauke da kowane ɗigo na asalin. Bayansu ne ke tona su: gurza-gurza ne kamar tsakuwar yashi, babu sawun guduma. In shafen ya side a kan tudun ado, jan ƙarfe zai leƙo.

Hatimi yana taimakawa in an san karatunsa. Zaki mai tafiya a kayan Ingila yana nufin azurfa 925 cikin 1000. Kan damisa Landan ne, anga Birmingham. Kayan Jamus daga 1888 suna ɗauke da jinjirin wata da kambi tare da lamba, galibi 800. A kayan Italiya, in ka ga tauraro da lamba da haruffa biyu na lardi, kamar FI na Florence ko MI na Milan, to bayan 1968 aka yi abin, komai tsufan da siffarsa ta nuna. EPNS kuwa shafe ne kawai a kan farin ƙarfe. Ka nemi hatimi a kwano da gindi duka biyu, su kuma yi daidai. Hatimin da ke kan wani ɗan faci da aka liƙa abin zargi ne, domin ana yanko shi daga ƙaramin tsohon cokali ko kofi a dasa a babban kaya. Huci a wurin: layin liƙin yakan bayyana a cikin tururin numfashi. Ga Musulmi akwai ƙarin magana: hadisi ya hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa, malaman fiƙihu kuma sun yi bayani har a kan ajiye su, don haka a nemi fatawa kafin a zuba kuɗi.

Wajen tsabtace azurfa ɓarna ta fi yawa daga masu ƙwazo. Kowace guga tana cin ƙarfe, kuma tudun ado ne ke fara tafiya, fuskoki su shafe. Baƙin da ke cikin lunguna shi ke fito da zanen, a bar shi. Garin alli mai laushi ƙwarai da aka dama da ruwa, a shafa da auduga a hankali, ya isa. Inda akwai ruwan zinariya ba a gogewa sam, ƙura kawai ake sharewa. Roba, ulu da ƙwai suna fitar da sinadarin da ke baƙanta azurfa, gishiri kuma yana huda ta. Tagulla mai ruwan zinariya, irin wadda Faransawa suka yi ta ɗaura wa kwanukan dutse, tsohon shafenta da zaiba aka yi shi a wuta. Man goge tagulla na kanti yana cinye shi cikin minti kaɗan, kuma ba ya dawowa.

Ta dutse ita ce aka fi cin karo da ita, domin a ƙarni na 18 da na 19 matafiya masu kuɗi daga arewacin Turai sun yi ta sayen su a Roma da Florence a matsayin tsaraba. Ana yin su da mabul mai launi: giallo antico, rawaya, wanda Rumawa suka haƙo a Chemtou ta Tunisiya, da rosso antico, ja, daga kudancin Girka. Sau da yawa gutsattsarin tsofaffin gine-gine aka sake sassaƙawa. Shagon Benedetto Boschetti a Roma ya yi suna a wannan aiki a tsakiyar ƙarni na 19. Masu araha kuwa na alabasta ne daga Volterra, da yawansu da kurciyoyi a bakin kwano, kwaikwayon wani adon tsakuwa da aka tono a gidan sarki Hadrian a Tivoli a 1737.

Rarrabe mabul da alabasta wajibi ne, domin kulawarsu ta sha bamban. Alabastar Volterra jibsin ce. Taurinta 2 a ma'aunin Mohs, farce ma yana kartar ta, mabul kuwa 3 ne, farce ba ya kama shi. A gwada a ƙarƙashin gindi inda ba a gani. Haske na tocila yana ratsa alabasta sosai, kuma ba ta kai mabul sanyi a tafin hannu ba. Ruwa yana narkar da ita sannu a hankali. Wanda ya zuba ruwa da furanni a tulun alabasta, ko ya wanke ta a famfo, zai ga ƙyallin ya mutu, fuskar ta yi gari-gari. Busasshen buroshi mai laushi ne kawai nata. Zafi ma yana mai da ita fara fat marar ratsa haske, don haka ba a kunna kyandir a ciki. Mabul yana jure ɗan ɗanshi, amma tsami maƙiyinsa ne: lemun tsami, ruwan khal ko lemun kwalba suna cin fuskarsa nan take. Jabun zamani na roba da garin dutse ba ya da sanyi, ba ya da nauyi, kuma in ka duba da kyau za ka ga ƙananan ramukan kumfa da layin mazubi.

A cikin ta dutse akwai sandar ƙarfe mai zare da ta ratsa daga kwano zuwa dakali, noti na riƙe da ita a ƙasa, wani lokaci an cike kewayenta da filasta. Wannan sanda ita ce ajalin yawancinsu. Ɗanshi ya shiga, ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta tura dutsen daga ciki har ƙafa ta tsage a tsaye. Alamar farko jan tabo ne a mahaɗa. Kuskure na biyu na mai gida ne: ya ji tana girgiɗi, ya ɗauko sifana ya ɗaure notin tam, siririn wuyan ya fashe. In za a gyara, a ɗauki hoto tukuna, a sa alama da tef a kowace mahaɗa don a san fuskar da kowane sashe ke kallo. Mutum biyu ake so, ɗaya na riƙe da kwano. A kwantar da ita a kan bargo. Kada a fesa man warware tsatsa, dutse yana shan sa ya bar tabon da ba ya fita. In notin ya ƙi, a kai wa masani ya yanke shi. A maye sandar da ta ƙarfe marar tsatsa mai kauri ɗaya, a sa wasa, wato ɗan faifai mai rami, ta fata ko ta roba mai tauri tsakanin noti da dutse, a ɗaure da yatsu, a ƙara ɗan kaɗan har girgiɗin ya tsaya, shi ke nan. In akwai karaya, masu gyaran kayan tarihi suna amfani da gam ɗin Paraloid B-72 da aka narka a asiton, saboda ana iya warware shi gobe. Sufa gulu da gam mai haɗi biyu suna shiga cikin dutse, su yi rawaya, kuma cire su yakan tafi da ɓangaren abin.

Rashawa sun kai wannan siffa inda ba wanda ya kai ta. A gidan tarihi na Hermitage a Saint Petersburg akwai babbar ta Kolyvan, ta koren dutsen jasfa daga tsaunukan Altai. Tsayinta mita 2.57, bakinta mai siffar ƙwai mita 5.04 a tsawo da 3.22 a faɗi, nauyinta tan 19. An gama ta a 1843, dawakai fiye da 100 suka ja ta a kan ƙanƙara kafin a ɗora ta a jirgin ruwa, kuma sai 1849 aka kafa ta a mazauninta. Ita dutse ce zalla. Amma manyan korayen nan na malakit da ake gani a fadoji, har da wadda ke ɗakin karatu na Linda Hall a Kansas City ta Amurka, ba zalla ba ne. Malakit ba ya samuwa a manyan gudaje marasa rami. Abin da masassaƙan dutse na yankin Urals a Rasha suke yi shi ne su sassaƙa jikin da wani dutse ko ƙarfe, su yanka malakit falle-falle, kaurin milimita 2 zuwa 4, su zaɓi waɗanda jijiyoyinsu ke bin juna, su manna da haɗin kakin zuma da ƙaro mai zafi, su cike tsaguna da garin malakit, sannan su goge. Gwanin aiki shi ne wanda ba ka ganin inda falle ya ƙare. Sanin wannan yana gaya maka abin da ke kashe su: zafi. Rana ta taga ko fitila mai zafi tana sassauta kakin, fallayen su ɗago su zube. Ƙwanƙwasa a hankali da farce, inda ya yi ƙarar kogo ya rabu da jiki. Duk ɓallin da ya faɗo a adana shi a ambulan, domin samun wani mai jijiya iri ɗaya da wuya. Tsami yana cin malakit kamar yadda yake cin mabul. Jabunsa na roba ratsinsa baƙi ƙirin ne da kore, a jere kamar an ja da rula. Na gaske kore ne cikin kore, mai zagaye kamar idanu, da nauyi da sanyi.

Ta gilashi ta Venice ita ce mafi rauni, kuma a ganina ita ce mafi kyau, domin siffar ta dace da gilashi fiye da komai. Tun 1291 aka mai da matoyan gilashin birnin tsibirin Murano, kuma a tsakiyar ƙarni na 15 Angelo Barovier ya fito da garai-garai ɗin da suke kira cristallo. Ana hura kwanon kamar balan-balan, a ɗora ƙafa da ɗan dunƙulen gilashi da suke kira avolio, a hura gindi a buɗe shi. Sai a manna sandar ƙarfe a ƙasan gindin, a yanke bakin kwanon daga bututu, a mai da shi wuta a juya da sauri har ya baje. Daga nan a sa ta a ɗakin zafi na wajen digiri 500 ta huce a hankali, in ba haka ba ta fashe da kanta. Don haka ta hannu tana da tabon sanda a ƙasa, ba ta da nauyi ko kaɗan, bakinta ba ya zama daidai ɗari bisa ɗari, kuma sau da yawa leɓen gindin a naɗe yake. Sai dai waɗannan alamu hannu suke nunawa, ba shekaru ba: masu hura gilashi a Antwerp da wasu birane sun yi irin na Venice tun ƙarni na 16, kuma kamfanin Salviati, da aka kafa a 1859, ya farfaɗo da tsofaffin siffofi da hanya iri ɗaya. Abin da ke nuna tsufa shi ne sidewar ƙasan gindi, karce ta ko'ina ba ta fuska ɗaya ba, da ɗan launin toka ko rawaya a gilashin.

Tsohon cristallo yana da ciwo nasa. An tace tokar da ake haɗa shi da ita har sinadarin alli ya yi ƙaranci, sai gilashin ya riƙa jan laima daga iska. Da farko yakan yi gumi mai santsi, daga baya ya yi hazo da ƙananan tsaguna kamar saƙar gizo. Ba ya warkewa, tsayar da shi kawai ake yi, ta ajiye shi a laima ta kashi 40 zuwa 45 cikin 100 ba hawa ba sauka. Wanda ke ajiye irin wannan a ƙasarmu, inda damina ke jiƙa iska hunturu kuma ya busar da ita ƙayau, sai ya sa shi a rufaffen kabad na gilashi da ma'aunin laima a ciki. Lafiyayyen gilashi ana wanke shi a robar wanki da aka shimfiɗa wa tawul, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗaya bayan ɗaya. Wajen sharewa kada a riƙe gindi a murɗa kwano, nan ƙafa ke ɓallewa.

Ta yumɓu mai farin shafen kuza, maiolica, daga Urbino da Deruta da Gubbio, da crespina mai lanƙwashe-lanƙwashe ta Faenza wadda ke kwaikwayon ta azurfa, jikinta na shan ruwa, don haka ba a jiƙa ta. Shafenta yana da dalma, ba a zuba abinci mai tsami a ciki. Gindinta ne ke yawan karyewa, wasu ma an yanke shi gaba ɗaya don a rataye kwanon a bango, za ka ga da'irar da aka goge a ƙasa. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita tana nuna inda aka cike aka yi fenti, domin sabon fenti yana haskawa daban da tsohon shafe.

Yawancin na ƙarni na 19 bibbiyu aka yi su, don su zauna dama da hagu da agogo a kan kantar murhu, kuma tagwaye na asali sun fi guda biyu da aka haɗa daga baya kuɗi nesa ba kusa ba. A auna tsayinsu da faɗinsu, a duba ko jijiyar dutsen daga gudan dutse ɗaya ta fito. Kowace iri ce kuma, ba a ɗaga ta ta baki ko ta hannayen ado, waɗanda galibi ƙananan kusoshi ne ke riƙe da su. Hannu ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙarƙashin gindi. In za a yi tafiya da ita kuma tana warwaruwa, a warware ta a naɗe kowane sashe daban, a sa noti da wasa a ƙaramar jaka a rubuta na wace ce.